Wata huɗu a LinkedIn, ko sallama ba wanda ya yi mini kan aikin murya

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance don ku gane inda na tsaya.

Shekarata shida ina ɗora murya a talla. Na fara da tallar wani mai maganin gargajiya, irin wadda ake sakawa a lasifika a kan mota ana zaga kasuwa, ladana kuma dubu biyu da kwalbar maganin basir da ban roƙa ba. Daga nan na shiga tallar rediyo: islamiyya mai neman ɗalibai, shagon atamfa a Kantin Kwari, sanarwar ɗaurin aure, idan kakar siyasa ta zo kuma jingil har sai maƙogwaro ya bushe. Na ɗan taɓa fassarar fina-finan Indiya ma, amma ban wuce muryar ɗan sanda na biyu da direban tasi ba. Kayan aikina makirufo ne mai igiyar USB, da tsohuwar laftof, da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity. Sutudiyona kuwa wadirof ɗin maiɗakina ne. Ina tura kaina tsakanin leshi da atamfofi, na rufa bargo ta baya, na ɗauka tsakanin ƙarfe biyu na dare da kiran assalatu, domin sai lokacin maƙwabcina mai ƙanƙara yake kashe janareto.

Abin da ke damuna shi ne duk aikin da na yi ta hannun wani yake biyowa. Furodusa ya kira ni, na karanta, ya miƙo mini dubu biyar ko bakwai, shi ke nan. Ban san nawa aka biya shi ba, ban san wa ya ba shi aikin ba. Bara ina cikin motar haya a hanyar Kaduna sai na ji muryata a wata tasha, tallar da aka ce mini wata uku za ta yi a Kano kaɗai, ga shi ta haura shekara kuma ta tsallaka jiha. Na cewa na kusa da ni wannan muryata ce, ya dube ni ya ce Allah Ya ƙara basira, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Wani ɗan ajinmu da ke aiki a Abuja ya ce mini masu ba da manyan ayyuka suna LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Na buɗe shafi, na sa hotona na babbar sallah da babbar riga, a ƙarƙashin sunana na rubuta da Turanci cewa ni shugaban kamfani ne, ɗan jarida, mai gabatar da biki, ɗan kasuwa. Na dinga tura gayyata ga duk wanda na gani har suka dakatar da ni na ɗan lokaci. Yanzu ina da mutum ɗari tara da wani abu, amma da na duba, galibinsu samari ne irina masu neman aiki. Duk Juma'a ina sa barka da Juma'a, mutum goma sha su danna. Na gwada ɗora muryata, abin ya ƙi karɓar fayil ɗin sauti, sai na sa mahaɗar Google Drive, kuma ban ga alamar wani ya taɓa buɗewa ba. Na tura wa manajoji kusan hamsin saƙo iri ɗaya cewa su taimaka su ba ni aiki. Ba wanda ya amsa.

Saƙo ɗaya ne ya taɓa shigo mini, daga wani kamfani na waje, wai in karanta musu jimloli dubu biyu na Hausa su biya ni da dala. Na ji tsoro ban amsa ba.

To, don Allah waɗanda suka san kan abin: wurin nan yana da amfani ga irinmu ko dai ɓarnar data ce? Da Hausa zan riƙa rubutu ko da Turanci? In biya kuɗin Premium, wato tsarinsu na masu biya? Kuma waɗannan masu jimla dubu biyu, 'yan damfara ne?

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. Yaro, ni tun zamanin da ake yanka faifan rikoda da reza ana liƙewa nake wannan aiki, kuma ban taɓa samun ko sisi ta waya ba sai ta mutane. Zumunta a ƙafa take, kasuwar murya ma haka. Lokacin da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, da Arewa24 ta zo a 2014, waɗanda suka ci gajiya su ne waɗanda suka je suka zauna a benci ana ganin fuskarsu. Ka je sashen kasuwanci na gidajen rediyo, ka gaisa da masu kawo talla, ka je sunan 'ya'yansu da ta'aziyyarsu. Waɗannan masu kwat da ke intanet ba su san bambancin muryarka da ta ɗan tallar maganin ɓera ba. Maganar tallar da ta wuce wa'adi kuma laifinka ne, ba ka rubuta komai a takarda ba. Allah Ya ba da sa'a.

Maman Ilham:

Baba, Allah Ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Maganarku ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa, masu kwat ɗin ba su san bambancin murya da murya ba. Sai dai ni a nan na ga ƙofar abincin take.

Ƙanena Ɗan Gwammaja, ni a Kaduna nake, shekarata huɗu ina ci da LinkedIn, kuma watannina na farko irin naka ne sak, har barka da Juma'ar. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin na gane shi ne wannan: wanda zai sayi muryarka a can ba ya jin Hausa. Wata baiwar Allah ce a Legas ko Nairobi ko Landan, an ɗora mata aikin fitar da saƙo ɗaya cikin harsuna shida kafin Alhamis, Hausa ɗaya ce daga ciki. Idan ka tura mata sauti ba za ta iya cewa ya yi daɗi ko bai yi ba. Abin da ke hana ta barci shi ne kada a saki talla mutanen Arewa su yi ta dariya, ko sautin ya zo da kukan akuya a baya, ko mai muryar ya ɓace ranar da ake neman gyara. Duk abin da za ka sa a shafinka, ka sa shi don ya kwantar wa wannan matar hankali. Ɗari taran nan naka ba su cikin lissafi. Mutum arba'in masu sa hannu a takardar biya sun fi su.

Fara da layin da ke ƙarƙashin sunanka. Suna ba ka gurbin haruffa 220, kuma shi ne ke bin ka duk inda ka yi sharhi. Goge shugaban kamfani da ɗan kasuwa. Mai neman ka ba zai rubuta shugaban kamfani a akwatin bincike ba, Hausa voice over zai rubuta, to waɗannan kalmomin su zo farko. Bayansu ka faɗi karin harshenka, Kananci, da irin aikin da kake yi, tallar rediyo, muryar na'urar amsa waya, bidiyon wayar da kai, da kuma kwana nawa kake miƙa aiki. Babbar riga ba laifi ba ce, ni ma da mayafina nake, amma fuskarka ta fito sosai. Idan hoton a gaban makirufo ne ya fi.

Maganar sauti, haka ne, ba sa karɓar fayil ɗin murya zalla, sai ka mayar da shi bidiyo. Kuma kada ka tura mutane wani wuri, ba mai barin shafi ya je ya buɗe Drive ɗin baƙo. Ka haɗa bidiyo na minti ɗaya, guntaye biyar ko shida, mafi kyau a farko, domin da wuya a wuce daƙiƙa goma idan ba a ji abin kirki ba. Ka sa fassarar Turanci tana gudu a ƙasa, saboda yawancinsu a ofis suke kallo da sauti a kashe, kuma ko sun kunna ba ji za su yi ba. Sai ka kafe shi a sashen Featured don ya tsaya a sama. Akwai kuma wani ɗan gurbi kusa da suna, ta manhajar waya, da ake ɗaukar daƙiƙa goma don a ji yadda ake furta sunan mutum. Wasu ba sa kula shi. Mai sana'ar murya bai kamata ya bar shi fanko ba.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da ya buɗe mini hanya, don shi ne amsar tambayarka ta abin da za ka riƙa rubutawa. An taɓa turo mini rubutun sanarwar rigakafi, an buga shi ba ƙugiya ko ɗaya, ba ƙ ba ɗ ba ɓ. A ciki akwai jimlar da ke cewa a kai yara su karɓi kashi na biyu. Kafin ni an ba wa wani wanda Hausar kasuwa kawai yake ji, ya karanta ya ja wasalin, ya fito da kashin da ake yi a bayan gida. Allah Ya so wani direba a ofishin ya ji kafin a kai gidan rediyo, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Bayan na gyara aikin, sai na yi ɗan bidiyo na daƙiƙa arba'in, ban ambaci sunan kowa ba. Na rubuta kalmar a allo, na furta ta hawa uku: kashi na rabo, kashi na bayan gida, ƙashi na jiki. Na yi bayani da Turanci mai sauƙi cewa a rubutunmu na yau da kullum ba a nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya, don haka wanda ba a cikin harshen ya tashi ba zai iya karanta kowane harafi daidai ya kuma yi ɓarna. Mutum ashirin da 'yan kai ne suka danna, da kyar ya wuce barka da Juma'a biyu. Amma a cikinsu akwai wata mai kula da ayyukan fassara, bayan mako uku ta turo mini saƙo. Har yau muna aiki.

Irin wannan za ka riƙa yi, sau ɗaya a mako ya isa. Kana da labarai ba ka sani ba. Nuna yadda rubutun Turanci na daƙiƙa talatin ke zama arba'in da biyar idan an fassara shi, da yadda kake rage shi ba tare da ka yi gudu kamar mai karanta sharuɗɗan bashi ba. Nuna wadirof ɗin ma, wallahi, ka ɗauki shirun cikinsa ka nuna yadda layin sautin ya kwanta. Ba sa ƙyamar wadirof, masu murya a Amurka da yawa a cikinsa suke ɗauka. Abin da suke so su sani shi ne za ka iya ba su fayil ɗin sauti mai inganci, irin WAV mai 48 kHz, ba amsa-kuwwa, ba ƙugin janareto. Rubutun ya zama da Turanci, muryar da Hausa. Hausa zalla ka bar wa Facebook da TikTok, can ne masu shagon atamfa suke.

Saƙonni hamsin ɗin nan kuwa, kada ka ƙara. Ka taimaka ka ba ni aiki bara ce, kuma a can ba a ba da sadaka. Ka nemi masu muƙamin furodusa a kamfanonin talla, masu kula da ayyuka a kamfanonin fassara, da jami'an yaɗa labarai na ƙungiyoyin lafiya da noma. Ka bi mutum mako biyu kana karanta abin da yake sakawa, ka yi sharhi mai ma'ana sau ɗaya ko biyu, sannan ka tura gayyata da layi biyu: na ga aikinku kaza, ni mai muryar Hausa ne a Kano, idan wata rana kun buƙata ga ni. Kada ka roƙi komai. Gayyata tana da iyaka, wajen ɗari a mako, shi ya sa suka taka maka birki, amma goma da ka zaɓa da ido sun wadatar.

Wani abu da 'yan uwanmu da yawa ba su lura da shi ba: tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar ARCON mai kula da harkar talla ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallace-tallacen da ake yi don Nijeriya. Dama Hausa ba ta cika fuskantar wannan gasar ba, amma idan kana da Turanci mai tsabta, ka sa shi a bidiyonka, don kamfani zai so mutum ɗaya ya yi masa biyun.

Premium, ka bari tukuna. Kuɗin ka sayi katifar soso ka liƙa a ƙofar wadirof. Abin da ya fi Premium kyauta ne: ka roƙi mutum uku da ka yi wa aiki su rubuta maka shaida a shafinka, ko da furodusan nan ne mai dubu biyar. A nan maganar Baba take shigowa, sai ka taka ka je ka same su.

Bazindire:

Sannunku da aiki. Ni daga Damagaram nake, ina son in ƙara kan maganar Hajiya ta karin harshe, don mu abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Ana yawan kawo mana sanarwa da aka ɗauka a Kano a ce a saka a rediyon karkara a nan. Muryar ta yi kyau, amma tsohuwa a ƙauye sai ta ce wannan na mutanen Nijeriya ne, ba da ita ake ba. Ku kuna cewa asibiti, mu mukan ce za mu likita. Ku makaranta, mu lakwal. Kuɗi kuwa ba a magana: a nan dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, jika kuma dubu ɗaya, to idan mai murya ya karanto farashi yadda aka rubuta a takarda, ba wanda zai gane nawa ake nufi.

Ni a shafina na rubuta ƙarara cewa Hausar Nijar nake yi, da Faransanci da Turanci na rubuta. Idan aka zo mini da aikin Kano sai in ce ba nawa ba ne, in miƙa wa wani. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a nan a 2025, ina ganin masu tambaya sun fara sanin cewa akwai bambanci. Malam Ɗan Gwammaja, in ka gyara shafinka ka neme ni, ina buƙatar Bakano da zan riƙa tura wa, wanda nake da shi ya koma sayar da waya.

Ɗan Gwammaja:

Kai, Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Baba na karɓi faɗa, takarda daga yau. Malam na Damagaram, zan neme ka in sha Allahu, kuma ban taɓa sanin maganar jika ba, a wurinmu jaka naira ɗari biyu ce.

Anti, na karanta naki sau uku. Na goge shugaban kamfani tun kafin in gama karatu na biyu, maiɗakina tana ta yi mini dariya wai an sauke ni daga muƙami ba sanarwa. Ina da irin labarinki ma: an taɓa ba ni tallar fili aka rubuta kasa maimakon ƙasa, mai karatun farko ya ce a zo a mallaki kasa, wato macijiya. Shi zan fara yi. Amma ba ki ce komai kan masu jimla dubu biyu ba, kuma jiya sun sake turo saƙo.

Maman Ilham:

Na bar shi ne da gangan don yana son nasa zaman. Ba lallai 'yan damfara ba ne. Yawancin irin wannan aikin na koyar da na'ura magana ne, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake tara muryoyin mutane da yawa don na'ura ta iya jin Hausa, kamar yadda Common Voice na Mozilla ke yi da 'yan sa-kai. Wannan da sauƙi. Akwai kuma wanda muryarka kai kaɗai ake so, a cikin shiru, jimla dubbai, don na'ura ta koyi yin magana da irin muryarka. Wannan idan ka sayar, ka sayar da gonar ne, ba amfanin bana ba. Tallar da ta bi ka har hanyar Kaduna wasa ce a kansa. 'Yan wasan fim na Amurka da suka yi yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamba 2023, wannan na cikin abin da suka yi faɗa a kai, su da suke da ƙungiya da lauyoyi.

Ka amsa musu cikin ladabi da tambaya huɗu: me za a yi da sautin, za a ƙera murya da shi ko a'a, shekara nawa za su riƙe shi, kuma za su iya sayar wa wani? Ka ce a rubuce kake so, cikin kwantiragi. Ka duba ko mai saƙon yana cikin ma'aikatan da ke shafin kamfanin, kuma imel ɗinsa na kamfanin ne ko na kyauta. Duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗin rajista, ko ka karanta jimla ɗari biyu a matsayin gwaji, rufe shi. Gwaji jimla biyar ne zuwa goma. Kuma ka tambayi ta inda kuɗin zai zo tun kafin ka shiga wadirof, ni da Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga waje, nake karɓa ko asusun dala na banki, kuma sabon mutum sai ya ba da rabi.

Ni na taɓa ƙin irin na biyun, kuɗin kuma a lokacin ya kai kuɗin makarantar Ilham na shekara, na kwana biyu ina juyi. Wata ƙawata ta karɓa, ta sayi fili a Rigasa, kuma ban ga laifinta ba. Idan sun turo amsa ka kwafo ta nan, ka goge sunansu, mu karanta tare. Bidiyon macijiyar kuma ka turo mini kafin ka saka, in duba maka Turancin.